Belot a waya: yadda sabon shiga zai tafiyar da valen atu

A Bande, kamar sauran garuruwan da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magariya, fada ba ta cika sai da tukunyar shayi da karta. Abin da ya sauya a ƴan shekarun nan shi ne kartar ta shiga waya. Matashin da a da zai jira mutum huɗu su cika tabarma, yanzu yana iya buɗe Belote.com ko VIP Belote ya sami abokin wasa a Yamai, ko Dakar, ko Marsey, cikin minti ɗaya. Sai dai wasan waya ba ya jira a koya maka. A fada akwai wanda zai leƙo hannunka ya ce "kar ka jefa wannan". A waya agogo ne ke gudu, kuma abokin wasan da ka kayar ba zai gaya maka inda ka yi kuskure ba, ficewa kawai zai yi ya bar ka da na'ura.

Mafi yawan faɗuwar sabon shiga tana zuwa ne daga kati guda, wato valen atu. Shi ne gwarzon wasan, kuma shi ne wanda aka fi ɓarnatarwa.

Wane ne vale?

Belot ya bazu a Faransa wajajen 1920, kuma ɗan'uwa ne ga wani wasan ƙasar Holan da ake kira klaverjas, inda kalmar jas ke nufin wannan kati da muke magana a kai. Ana yin sa da kati 32, daga bakwai zuwa as, a dangi huɗu: ker mai jar zuciya, karo, pik da tiref. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, abokin wasanka yana fuskantarka. Kowa na riƙe da kati takwas, don haka zubi takwas ake yi, kuma wanda katinsa ya fi ƙarfi shi ke kwashe zubin.

A kartar Faransa ta gargajiya kowane vale da sunansa a rubuce a gefe, kuma duk sunayen mayaƙa ne. Na ker shi ne Lahire, jarumin da ya yi yaƙi tare da Jeanne d'Arc a Orleyan a 1429. Na karo Hector ne na labarin yaƙin Troy, na tiref Lancelot, na pik kuma Ogier na labaran zamanin sarki Charlemagne. Amma duk wannan suna bai hana vale zama ƙaramin bara ba idan danginsa ba shi ne atu ba: maki 2 kacal gare shi, kuma as, goma, sarki da dam duk suna taka shi.

Da zarar an zaɓi danginsa a matsayin atu, labari ya sauya. Vale ya koma maki 20, babu katin da ke cin sa a duk teburin. Tara ke bi masa da maki 14, sai as 11, goma 10, sarki 4, dam 3, takwas da bakwai ba su da komai. Jimillar atu 62 ke nan. Sauran dangi uku kowane 30 ne, wato 90. A haɗa, 152. Wanda ya kwashe zubin ƙarshe yana samun ƙarin 10, abin da ake kira dis-da-der, sai lissafi ya cika 162. Ɓangaren da ya ɗauki atu dole ya fi ɗaya ɓangaren, wato ya kai 82. In ya kasa, ya faɗi, abokan karawa su kwashe 162 gaba ɗaya.

Waɗanda suka saba ƙetarawa Maigatari ko Babban Mutum sun san Whot, kartar da ta fi yawa a Najeriya, wadda ita ma babban katinta lamba 20 ce a jikinsa. Kamar ta tsaya nan. A Whot burinka ka zubar da katunanka kafin kowa. A belot kowa tare yake gamawa, abin da ka tara ake ƙirgawa. Wanda ya zo da hankalin Whot yakan yi gaggawar rabuwa da manyan katunansa, ya ciyar da abokan karawa.

Ɗauka ko wucewa

Da farko ana raba kati biyar-biyar, a buɗe ɗaya a tsakiya. A zagayen farko ana tambayar kowa ko zai ɗauki dangin wannan kati a matsayin atu. In kowa ya wuce, a zagaye na biyu mutum na iya kiran wani dangi dabam. Ko ta wace hanya, wanda ya ɗauka shi ke samun katin da aka buɗe tare da ƙarin biyu, sauran su sami uku-uku.

A nan ne sabon shiga ke ganin vale a hannunsa ya danna ɗauka ba tare da ya duba sauran ba. Vale tabbacin zubi ɗaya ne kawai cikin takwas, kuma 20 ya yi nisa da 82. Kafin ka ɗauka, ƙirga abin da ba ya kuɓuce maka. Vale da tara 34 ne, zubi biyu tabbas. Vale, tara da as 45 ne, ka wuce rabin hanya tun ba a fara ba. Vale da ƙananan atu biyu da as guda a wani dangi hannu ne da ake ɗauka, duk da cewa za ka buƙaci abokin wasanka ya kawo wani abu. Vale da atu ɗaya kacal, babu as ko ɗaya a gefe, wannan roƙon sa'a ne, kuma ni ban ba sabon shiga shawarar sa ba.

Idan vale ne aka buɗe a tsakiya, lissafin yana da wani gefe. Wucewarka tana nufin wanda ke bayanka, abokin karawa, zai iya ɗauke shi. Don haka ana sassauta sharaɗi kaɗan: atu ɗaya mai kyau a hannu da as a gefe sun isa. Ka tuna kuma kowa ya ga inda valen ya tafi, babu sauran ɓoyo.

Wurin zama ma yana da tasiri. Wanda ya fara magana shi ne zai fara jefa kati. In kai ne, za ka iya fitar da vale tun zubin farko kafin a taɓa as ɗinka. In kai ne na ƙarshe, wato mai rabo, abokan karawa ne za su buɗe wasa, kuma suna iya tilasta maka yanka da atu kafin ka sami hannu. Hannun da ya isa a kujerar farko ba lallai ya isa a ta ƙarshe ba.

Aikin vale shi ne share hanya

Dokar belot ta ce idan aka jefa atu, duk mai atu dole ya bi, kuma dole ya hau wanda ke ƙasa in yana da mafi girma. Wannan doka ce ke ba vale amfaninsa na gaske. In ka jefa shi da wuri, yana janyo atu ɗaya daga hannun kowa. Atu takwas ne a duniya. In kana da huɗu, huɗu ne a waje, kuma zubi ɗaya na vale na iya kwaso uku daga ciki. Duk atun da ya fita daga hannun abokin karawa yanka ɗaya ne da as ɗinka ya tsira daga gare shi.

Kuskuren da na fi gani, kuma ni ma na daɗe ina yin sa, shi ne ɓoye vale har ƙarshe kamar kuɗin ajiya. Mutum yana tunanin ya tabbatar da goman zubin ƙarshe. Kafin a kai can an yanke masa as, an yanke masa goma, sannan valen ya sauko a zubi na takwas ya kwashi bakwai da takwas, katunan da ba su da maki. Ya sami 30, ya yi asarar fiye da haka. Akwai ma abin da ya fi wannan ciwo: idan vale ne kaɗai atun da ya rage maka kuma aka jefa dangin da ba ka da shi alhali abokan karawa ne ke cin zubin, doka za ta tilasta maka yanka da shi, ko da zubin babu maki ko ɗaya. A waya ba za ka iya yin kamar ba ka gani ba, manhajar tana dushe duk katin da doka ta hana, ta bar maka wanda ya wajaba.

Tambayar da ke biyo baya ita ce ta tara. Tunda babu mai iya hawa vale, mai tara zai jefa ƙaramin atunsa ya ɓoye ta, sai fa in ita kaɗai gare shi. Ana iya lissafa yawan faruwar haka daga yadda kati 24 ke rabuwa a hannu uku. In kana da atu biyar, tara kan faɗo ƙarƙashin vale kusan sau ɗaya cikin biyu. In huɗu gare ka, kusan sau ɗaya cikin uku. In uku ne, sau ɗaya cikin biyar. Wato a mafi yawan lokuta tara za ta tsira daga zubin farko, kuma sau biyu cikin uku tana hannun abokan karawa ne, tunda su biyu ne, abokin wasanka ɗaya. Kada ka gina wasanka a kan fatan za ta faɗo.

Mu ɗauki misali. An buɗe as na ker. A hannunka akwai valen ker, takwas na ker, as da goma na pik, da bakwai na tiref. Kai ne na farko, ka ɗauka, aka ƙaro maka bakwai na ker da sarkin karo. Atunka huɗu ke nan: vale, as, takwas, bakwai. A waje akwai tara, goma, sarki da dam.

Ka jefa vale. Abokin karawa na farko ya ba da dam, abokin wasanka goma, na ƙarshe sarki. Zubin ya kawo 20 da 3 da 10 da 4, maki 37. Yanzu atu ɗaya ya rage a waje, kuma tara ce, ita ce babba. Sabon shiga a nan yakan ji daɗi ya biyo da as na atu, tara ta hau shi, maki 25 su tafi a zubi ɗaya. Wani kuma yakan juya ga as na pik, ya bar tara tana jiran ta yanke goma. Abin da ya fi shi ne ka jefa bakwai na ker. Tara za ta ci zubi ɗaya ko ka so ko ka ƙi, to gara ta ci katin da ba shi da maki. In ta fito daga hannun abokin wasanka, babu asara, zubin naku ne. In daga abokan karawa ne, sun sami 14 da abin da aka ɗora mata, amma atunsu ya ƙare.

Daga nan hanya a buɗe take. A ce sun jefa tiref, ka bi da bakwai. Sun sake tiref, ka yanka da takwas, hannu ya dawo gare ka. As na pik 11, goma na pik 10, babu mai yanka su. Ka saki sarkin karo, ka riƙe as na ker don zubin ƙarshe: 11 da 10. A haɗa da 37 na farko, 79 ke nan daga abin da ka tabbatar. Saura 3, kuma sarki, dam ko valen pik da za su faɗo ƙarƙashin as da goma, ko makin zubin da ka yanka, za su cike su cikin sauƙi. Duk wannan ya fito ne daga yin amfani da vale a zubin farko da kuma ƙirga atu har takwas.

Ƙirgar nan ita ce ke gaya maka lokacin tsayawa. Idan abokan karawa duka biyu sun kasa bin atu, duk wanda ya rage a waje na abokin wasanka ne. Ci gaba da jan atu a lokacin kwance wa ɗan'uwanka makami ne. Manhajoji da yawa suna barin ka duba zubin da ya wuce, amma shi kaɗai, don haka ƙirgar a kanka take.

Abu ɗaya ke iya motsa lambar 82. Wanda ke riƙe da sarki da dam na atu a hannu ɗaya yana da ƙarin maki 20, shi ne belot da rebelot. In abokan karawa ne ke da shi, sai ka tara 92 daga katunan kafin ka fi su. In naku ne, 72 sun isa. Da ka ga kalmar belot ta bayyana a allo daga ɓangarensu, ka san sai ka ƙara ƙoƙarin maki goma.

Idan ba kai ka ɗauka ba

A ce abokin wasanka ne ya ɗauka, vale kuma yana hannunka. Fitar da shi da zarar ka sami hannu. Wanda ya ɗauka babu vale yana cikin fargaba, yana riƙe da tara ko as yana tsoron jefawa, kuma a waya ba shi da hanyar sanin inda valen yake sai ya gan shi. Ko ba ka da vale, al'adar masu wasa ita ce ka buɗe wa wanda ya ɗauka da atu. In kuma shi ya jefa vale, zubin tabbas naku ne, to ɗora masa maki: goman atu da tara za ta iya cinyewa daga baya, ko, in ba ka da atu, wata goma ta gefe wadda ba ka da as ɗinta. Tara kam ba a ba da ita sai in ita kaɗai ce.

In abokan karawa suka ɗauka alhali vale na wurinka, sun shiga haɗari, kuma nan ne kaɗai haƙuri da shi ke biya. Mai yiwuwa da tara da as suka ɗauka. Bari su zo da kansu. Idan suka jefa ƙaramin atu don su gwada ruwa kuma kana da wani atun da ya hau abin da ke ƙasa, yi amfani da shi, ka riƙe vale don babban kifi. Vale a kan tara 34 ne, a kan as 31, kuma zubi ɗaya irin wannan kan isa ya kayar da wanda ya ɗauka.

In vale na hannunsu, kare tara ɗinka da ƙaramin atu, kada ka buɗe wasa da atu, ka ci as ɗinka da wuri kafin a share dangin. Kuma ko wasan ya lalace, yi ƙoƙarin kwashe zubi ko da ɗaya ne. Ɓangaren da ya cinye duka takwas ya yi kapo, maki 252 maimakon 162.

Bambancin tabarma da allo

Tsofaffin ƴan belot kan yi ƙorafin cewa rabon waya ba ya kama da na hannu, kuma akwai dalili. A al'adar wasan ba a cika cakuɗa karta tsakanin rabo da rabo ba, yanke ta kawai ake yi. Tunda zubin da ya gabata yawanci dangi ɗaya ne a haɗe, katunan dangi ɗaya sukan taru a hannu ɗaya, sai a riƙa ganin atu biyar ko shida. Manhaja kuwa sabuwar cakuɗa take yi kowane rabo. Dogayen hannu sun fi ƙaranci, kuma wanda ke jiran vale, tara da as kafin ya ɗauka zai daɗe yana wucewa.

Sannan a duba saitin teburi kafin a zauna. Wani teburin ana wasa da sanarwa, inda vale huɗu a hannu ɗaya ke ba da maki 200, tara huɗu 150. Wani yana tilasta maka jefa ƙaramin atu ko da ba za ka iya hawan wanda ya riga ka yanka ba, wani ba ya tilastawa. Akwai kuma kwansh, wanda ake yin ciniki da lambobi daga 80 zuwa sama. Wasa ne mai daɗi, amma ba wurin koyo ba ne. A fara da belot na gargajiya, da na'ura, wanda a manhajoji da dama ba ya buƙatar intanet. Wannan ya fi dacewa da ƙauyukan Magariya da Dungas inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, domin in ya yanke ana tsakiyar wasa na'ura ce ke karɓar kujerarka, ta jefa valenka yadda ta ga dama.

Batun kuɗi shi ne na ƙarshe. Waɗannan manhajoji kyauta ake sauke su, amma teburin intanet da kwabban wasa ake shiga, waɗanda ake kira jeton. Ana ba da kaɗan kyauta, in sun ƙare sai a nuna maka inda za ka saya da kuɗin gaske. Jeton ɗin ba ya komawa sefa ko ka ci miliyan nawa, kuɗin da ka sa ya tafi ke nan. Sabon shiga da ke faɗuwa a kai a kai shi ne ya fi saurin ƙarar da nasa, kuma shi aka fi nuna wa tallar. Gara a zauna a ƙananan tebura, a jira kyautar gobe. Inda kuma aka ce a sa kuɗi a ci kuɗi, ko a waya ko a tabarma, wannan ya bar wasa ya koma caca, kuma hukuncinta a addini ba ɓoyayye ba ne ga kowa a Bande.